Don Anatolio, Bakaniken da Ya Kasa Gyara Injinsa

Kafin a buga ƙararrawar cocin safe, Don Anatolio Numpaque ya riga ya ɗaga ƙofar shagonsa. Daga kicin ɗina nake jin kukanta, domin bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma shekara da shekaru yana yi mini alkawarin zai sa wa ƙofar nan mai, har yau bai sa ba. Bakaniken keke fa, mutumin da gwangwanin mai ke hannunsa daga safe har yamma. Zai fito da kekunan mutane ya jera su a bakin titi, ya gyara zaman ruanarsa, bargon ulun da yake yafawa, a kafaɗa, sannan ya jawo ƙafarsa ta hagu har bakin tagata.

"Doña Rosalbina, an tashi lafiya? Ruwan mazarƙwailar ya tafasa, ko yau ma sai sanyi ya kashe ni?"

"Bai kashe ka jiya ba, yau ma ba zai kashe ka ba. Miƙo kofin."

Haka muke buɗe gari, ni da shi. Ni ina gasa arepa, wainar masarar da duk mai wucewa kasuwa ke karya kumallo da ita, shi kuma yana faci, yana ɗaure birki, yana miƙe tayar da ta karkace. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, shekaru sun haura saba'in. Shi ya sa na roƙa a ba ni wuri a 'yar jaridar cocinmu. Ya ce kada in rubuta. Na ce masa ranar da ya sa wa ƙofarsa mai, ranar zan fara jin maganarsa.

Duk wanda ya taɓa leƙa ƙuryar shagon ya ga wani tsohon keke marar tayar gaba, an ɗaure shi da kusoshi a kan katako, sarƙarsa tana juya ɗan injin markaɗen masara. Kusa da shi akwai injin lantarki da aka rufe da buhu. Ka tambaye shi, zai girgiza kai ya ce injin ya ƙone, ba a sami kayan gyara ba. Fiye da shekara ashirin ke nan ba a samu ba. Mutumin da zai iya tayar da keken da babbar mota ta taka, wai ɗan injin nan ne ya gagare shi.

Asalin abin daga ƙafarsa ne. Yana saurayi, lokacin da kowane yaro a yankinmu na Boyacá ke yawo da rediyo a kunne yana sauraron tseren keke, shi ma ya shiga tsere. Wata rana ana ruwa ya sulluɓe a gangaren Duitama, gwiwa ta farfashe. Ƙashi ya haɗe, amma gwiwar ta sandare, ba ta lanƙwasuwa yadda feda za ta zagayo. Sai ya ɗauki ƙarfen da feda ke maƙale a jikinsa ya huhhuda shi, rami bayan rami, ya mayar da fedar can ciki inda zagayen ke ɗan ƙarami. Da haka ya fara. Gwiwa na sakewa, yana matso da fedar waje, har ya koma kan titi. Tsere kam ya wuce shi, ɗingishin kuma ya zauna, amma ya hau kowane dutse da ke kewaye da garin nan.

To, ƙarfe mai ramuka abu ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne mutanenmu. Ka ce wa manomin dankali ya hau keken da ba ya zuwa ko'ina ya yi ta murzawa don lafiyarsa, sai ya dube ka sama da ƙasa ya tambayi ko ka sha wani abu ne. Likitoci suna iyakar ƙoƙarinsu, amma wurin gashin ƙashi yana garin Duitama, sai an shiga mota biyu, kuma wa zai tatsi shanu ranar? Sai mutum ya zauna a gida da sanda, ƙafa ta ƙanƙance, shi ke nan an yi gurgu. Don Anatolio ya san mu ciki da waje. Ba za mu motsa don kanmu ba, amma ka ce maƙwabci na cikin matsala, sai mu taso ko da rarrafe. Nan ne injinsa ya ƙone.

Campo Elías, ɗan dakon da buhun dankali ya faɗo wa a cinya, ya niƙa mini masara a keken nan. Malamar firamare ta niƙa. Wani ɗan sanda da ya yi ritaya ya niƙa yana zagin gwamnati. Amma labarin da nake so in bayar na Herminda Quemba ne, domin a gidana aka yi shi, da idona na gani.

Herminda ƙawata ce tun muna 'yan mata. Mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a saman dutse da shanunta. Kowace safiya takan ɗaure garwar madara biyu a kariyar keke ta gangaro inda motar madara ke tsayawa, sannan ta hau ta koma. Bara da damina, wata saniyarta mai suna Paloma ta zame a taɓo ta faɗo mata a ƙafar dama. Ƙashin ƙauri ya karye har cikin gwiwa. Aka yi mata aiki a Tunja, aka sa ƙarfe da kusoshi. Da aka sallame ta, na ce babu inda za ta sai ɗakina na baya, wani maƙwabci kuma ya riƙe mata shanun.

'Yarta Nubia ta zo daga Bogotá. Yarinya ce ta gari, ba zan bari kowa ya zage ta ba. Ita ce ta kwana a kujerar asibiti, ita ce ta ga ƙashin uwarta a waje. A gabana ta durƙusa ta riƙe hannun uwar.

"Mama, ba zan iya sake jin irin wannan kiran waya ba. Zan dawo hutun Kirsimeti. Idan kin iya hawa gida da kanki, a kan kekenki, da garwarki, na bar ki. Idan ba ki iya ba, mu sayar da shanun ki bi ni."

"A hawa na tara na benenku? In yi hira da wa, da tattabaru?"

"Da jikokinki, Mama."

Herminda ta juya fuska bango. Ta san maganar 'yarta gaskiya ce, kuma ta san ranar da ta bar dutsen nan, ba za ta daɗe ba. Ni ma na sani.

Da aka cire mata filasta, gwiwar ta tsaya kamar itace. Ni da bakina marar haƙuri na ce mata ta je shagon Anatolio ta motsa ƙafar. Ta harare ni.

"In hau keken da ba ya zuwa ko'ina? Ƙafa na karya, Rosalbina, ba kai ba."

Na gaya wa Don Anatolio. Washegari ya rufe shago, ya naɗe ƙarfensa mai ramuka a buhu, ya hau mota zuwa Duitama wurin likitar da ke duba ta. Haka yake yi kullum, ba ya ɗora kowa a keken nan sai likita ta ce ƙashi ya haɗe, kuma ta faɗa masa iyakar da gwiwa za ta lanƙwasa. Sun saba da juna har ta kai ita ke turo masa mutane. Ta ce a fara daga rami na can ciki, ba nauyi ko kaɗan.

Bayan kwana biyu sai ga shi a ƙofata da fuskar tausayi, hula a hannu.

"Doña Rosalbina, sai haƙuri. Injin ya sake ƙonewa. Ni kuma gwiwata ta tashi, ba zan iya murza keken ba. Masararki ta yau sai dai ki nemi wani wuri."

Na ɗora hannu a ka, na fara salati da kiran waliyyai. Na ce ga masara na jiƙa tun jiya, ga Fada, limamin cocinmu, ya ce in yi wa masu bikin baftisma arepa, yau na shiga uku. Ina yi ina satar kallon ƙofar ɗakin baya. Allah ya gafarta mini, da na shiga wasan kwaikwayo da yanzu ina da gida a Bogotá. Herminda mace ce da zaman cin abincin wani ke ci mata rai fiye da ciwon ƙafa. Ba a jima ba muka ji ƙarar sanda.

"Ku biyun nan kun cika raki. Ina masarar?"

Ranar farko ba ta iya zagayo da fedar ba. Gaba kaɗan, baya kaɗan, gumi na zuba, leɓe a cije. Abin da ta niƙa bai cika tafin hannu ba. Don Anatolio ko kallon ƙafar bai yi ba, yana can yana faci. Ya taso ya murza ƙullun a yatsa, ya taɓe baki.

"Wannan ai tsaki ne na kaji. Haka kuke niƙa a saman dutse?"

"Gurgun banza. Uwarka ma ba ta niƙa kamar ni ba."

"To gobe sai ki nuna mini, sumercé, ranki ya daɗe."

Wannan ita ce dabararsa, kuma ban taɓa ganin ya kauce mata ba. Ba ya tambayar yaya ƙafa. Ba ya cewa sannu. Ba ya cewa an samu sauƙi. Ƙullu kawai yake kushewa, mutum ya fusata ya dawo gobe. Ranar da fedar ta zagayo gaba ɗaya, Herminda ta saki wata ƙara, ta ɗura wa Paloma zagin da ba zan rubuta a jaridar coci ba. Shi kuwa ya ce mata ta rage surutu, masara na jira. Amma na ga lokacin da ya juya baya ya share ido da gefen ruanarsa.

Da sassafe, kafin ta zo, yakan matsar da fedar rami ɗaya waje in ya ga lokaci ya yi. Idan kuma yana so ƙafar ta ɗauki nauyi, sai ya ƙara ɗaure kusar bakin injin ya ce wai ni na ce ƙullun bai yi laushi ba. Ni ban ce ba. Amma ni na sha harara. Ƙullu kuwa ya yi mini yawa har na rasa yadda zan yi da shi. Na kai makaranta, na kai gidan Fada, na bai wa direbobi kyauta. Kajina sun yi ƙiba har ba sa iya hawa katanga.

Cikin Nuwamba abin ya ɓaci. Herminda ta ga Kirsimeti na matsowa, ta faki idonsa ta murza fiye da ƙima, gwiwa ta kumbura suntum. Likita ta ce hutu da ƙanƙara, ba wani abu ya lalace ba. Amma zuciyarta ta karye. Ta kwanta ta ce in kira Nubia ta zo ta ɗauke ta, a daina wahalar da mutane. Na tsorata ƙwarai, domin ban taɓa jin muryarta haka ba, ko ranar da aka binne mijinta.

Don Anatolio bai shigo gaishe ta ba. Ya aika aka sauko da kekenta daga saman dutse, ya kafa shi daidai saitin tagar ɗakinta, ya wargaza shi. Ya wanke sarƙa, ya canza birki, ya sa mata giya mai sauƙi ta hawan dutse. Yana yi yana magana da ƙarfi, wai da ni yake.

"Keken wata mai madara ne, an ce ta koma birni. Akwai wani ɗan Tunja da ke so ya rataye shi a gidan abincinsa, ya dasa furanni a kariyar."

Tagar ta buɗe.

"Furanni a kekena? Anatolio, ka taɓa shi ka gani."

Kumburin na sauka ta koma niƙa. Daga niƙa ya fito da ita fili, ta zagaya dandalin coci a kan kekenta, shi yana biye a nasa. Daga nan hanyar maƙabarta, wadda ba ta da tudu. Daga nan gadar ƙasan dutse. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce birkin da ya sa suke gwadawa.

Nubia ta iso ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Da safe Herminda ta ɗaure garwarta biyu a kariya, ta cika su da ruwa, wai kada a ce an yi mata rangwame. Campo Elías ya kai ni da Nubia a babur ɗinsa, ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye mu a Kwanar Alfadari, inda hanyar ta fi tsayi, rami a gefe guda. Rabin gari kuma ya tuna yana da saƙo a saman dutse ranar.

Muka hango su suna tahowa a hankali, Herminda a gaba, Don Anatolio a baya. Ta wuce gada, ta wuce gonar albasa. Nubia ta riƙe hannuna har ya yi mini ciwo. Da Herminda ta iso ƙasan kwanar ta ɗago ta ga 'yarta, sai ta miƙe tsaye a kan feda. Babu mai hawa kwanar nan a kan keke da kaya, ko samari sauka suke yi. Keken ya fara tangaɗi, ruwa na fantsama daga garwa.

"Herminda, sauka," in ji Don Anatolio, numfashinsa na fita da ƙyar.

"Ba zan sauka ba. Yarinyar tana kallo."

"Tun yaushe kike hawa nan a keke? Mijinki ma, Allah ya ji ƙansa, turawa yake yi."

Keken ya tsaya cak, ya karkata dama, wajen ramin. Nubia ta zabura. Herminda ta dire ƙafa a ƙasa, nauyinta da na keke da na garwa biyu duk suka sauka a kanta. Ƙafar ta tsaya. Ta sunkuyar da kai tana haki, sannan ta dubi 'yarta.

"To, kin gani. Na sauka. Kira mai sayen shanun."

Nubia ta ƙaraso a hankali, hawaye na zuba.

"Mama, ba a nan kike sauke ni daga kariya ki ce in tura miki ba? Kin manta?" Ta nuna ƙasa. "Dubi ƙafar da kika sauka da ita."

Herminda ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta gyara hularta ta ce wa 'yarta ta matsa mata daga hanya, ba ta son a taya ta. Ta tura kekenta har saman kwanar, ta sake hawa, ta murza har ƙofar gidanta. Ba a sayar da ko saniya ɗaya ba. Har Paloma tana nan, Herminda ta ce sai saniyar ta biya abin da ta yi mata da madara. Sharaɗi ɗaya Nubia ta kafa, waya a aljihun rigar aikinta dare da rana, kuma uwar ta yarda ba tare da gardama mai yawa ba.

Muna zaune a tsakar gidan muna shan kofi, Herminda ta dubi Don Anatolio ta gefen ido.

"Injin nan naka da ya ƙone. Ranar farko na ɗaga buhun. Fes yake, an shafe shi da mai. Wa ke shafa wa mataccen inji mai?"

Ya kurɓi kofinsa. "To me ya sa kika ci gaba da zuwa?"

"Masarar Rosalbina wa zai niƙa?"

Don Anatolio, yanzu da kai nake. Kai ne ka yarda a ce maka bakaniken da ya kasa gyara injinsa, don kada wani ya ji kunyar neman lafiyarsa. Kai ne ka sha zagi daga bakin mutanen da kake ɗagawa, ka amsa da sumercé. Ba ka taɓa tsayawa a dandali ka ce wane ni na tayar da shi ba, kuma da yawansu har gobe sun ɗauka su ne suka yi maka alheri. Gurgu mai tayar da guragu. Ina alfahari da cewa bango ɗaya ya raba mu, kuma ina faɗa a fili tun kana da kunnen ji, domin ba na son irin yabon da ake yi wa mutum yana cikin akwati. Mun gode. Herminda ta gode, ko da yake ba za ta faɗa ba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka ƙafafun nan biyu, mai kyau da mai ɗingishin.

Ku kuma masu karatu, kowa a cikinmu yana da maƙwabcin da ya zauna ya ƙi tashi, kuma kowa ya san irin girman kan gidansu. Kada ku je masa da sannu da tausayi kawai. Ku nemi abin da zai yi muku, ku roƙe shi, ku bar shi ya fito da mutuncinsa. Ba sai kana da shago ba.

An riga an matso da keken niƙan zuwa zaurena. Herminda ce ke kula da shi in ta sauke madara, ta koyi matsar da feda, ta koyi kushe ƙullu, har ta fi malaminta baƙar magana. Yanzu haka da nake rubutun nan akwai mai murzawa, Hermógenes direban babbar mota, wanda ya karye a hanyar Sogamoso, ya rantse ba zai sake taka ƙafar ba. Yana rami na biyu. Jiya ya zagayo da fedar, ya ce mini kada in damu, ba zai bar ni da jiƙaƙƙiyar masara ba. Hermógenes ba ya karanta jaridar coci, ko cocin ma sai an yi mutuwa yake zuwa. Don haka in kun haɗu da shi a hanya, ku riƙe bakinku. Ku girgiza kai kawai ku ce masa kun ji injin Don Anatolio ya ƙone, kuma har yanzu ba a sami kayan gyara ba.